Matan Daura na cikin cinikin duniya, amma ba a lissafi da su

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na karanta rahotonku kan layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa ta nan Daura da Katsina da Jibiya. Kun ji ta bakin manyan 'yan kasuwa da dillalai da masu motocin dakon kaya, amma ko mace ɗaya ba ku tambaya ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Mu ma muna cikin wannan ciniki tsamo-tsamo, sai dai daga can ƙasa, inda wahala ta fi yawa, kuɗi ya fi ƙaranci.

A ɗauki zoɓo. Daga gonakin Katsina da Jigawa da Kano ake tara shi, a kai Legas, a loda a jirgin ruwa zuwa Meziko, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Kafin ya shiga buhu, hannun mace ne ke ɓare shi, ya shanya, ya tsince tsakuwa da ƙaiƙayi. Innata, ƙanwar mahaifiyata, ta daɗe tana wannan aiki. Duk kaka tafin hannunta jajir yake, ƙura kuma ta bar mata tarin da ba ya jin magani. Da kwano ake auna mata lada, a naira, shi kuwa mai fitar da kayan dala yake karɓa. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajarta, dalarsa ta ƙara auki. Ladan Inna ya ɗan motsa, amma bai kama ƙafar farashin tiyar gero ba. Har yau ba ta san nawa ake sayar da abin da ta tsince ba, babu kuma wanda ya ga dacewar gaya mata. Haka abin yake ga masu sheƙar riɗin da ke tafiya Japan da Turkiyya.

Kayan da ke shigowa ma da nasu. Ba zan ɓoye ba, atamfar China mai araha ta rufa wa mata da yawa asiri ranar sallah da wajen haɗa lefe. Amma hular da mace ke kwashe makonni tana ɗinkawa da allura yanzu da ta inji take gogayya a kasuwa, mai daddawa na gogayya da dunƙulen kamfani, mai man gyaɗa da man jarka. Waɗannan sana'o'in cikin gida ne, ba su da ƙungiya, ba su da rajista. In masaƙa ta rufe a Kaduna jarida za ta buga. In mai ƙuli-ƙuli ta kife kaskonta, 'ya'yanta kaɗai ke sani.

Sai maganar iyaka, wadda ta fi ci mini rai. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake garƙamewa har zuwa Maris na 2024. Babban ɗan kasuwa yana da sito da jarin jira. Matar da ke ɗauko 'yar aya da dabino daga Nijar ta iyakar Kwangwalam ta kai kasuwar Mai'aduwa, jarinta kwasar adashe ɗaya ce, wata biyu ba fita ta cinye shi. Ni malamar firamare ce, na ga abin da ke biyo baya: uwa ta rasa jari, sai a ɗora wa 'yar aji huɗu farantin talla, kujerarta ta zauna babu kowa. Matar da ba ta da nata kuma bakinta a gida ba ya nauyi, alhali Musulunci ya mallaka mata dukiyarta, kuma Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, fatauci take aikawa har Sham.

A Yamai Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, a watan Yulin 2019. A Fabrairun 2024 shugabannin nahiyar suka amince da wani sashe nata na musamman kan mata da matasa. 'Yar ƙasarmu Ngozi Okonjo-Iweala ke shugabantar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tun 2021. Ina alfahari da hakan, amma ina son in ga alamarsa a tsakar gidan Inna.

Roƙona ga gwamnatin jiha shi ne ta taimaka wa masu tsintar zoɓo da riɗi su haɗu su yi rajista, a ba su sikeli da rumfar shanya, su riƙa sayarwa kai tsaye ba ta hannun dillali uku ba. A kafa allo da Hausa a iyakokin Kwangwalam da Magama ta Jibiya mai nuna abin da doka ta ce mai ƙaramin kaya ta biya. In jirgin ya fara aiki, a sa kuɗin dako da mai buhu biyu za ta iya. Ku kuma, Malam Edita, ku riƙa buga farashin zoɓo da riɗi duk mako, ku turo wakiliya mace ta shiga gidaje, tunda wakilinku namiji iyakarsa zaure.

Wassalam.
Taku mai karatu, malamar firamare daga Daura.