A nema wa yara abin yi bayan makaranta

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili kan shaye-shayen yara 'yan ƙasa da shekara 18, giya ne, kodin ne, tiramol ne, har da sholisho. Kullum sai dai taro da lacca a raba takardu a watse, yaro kuma ya fita ya tarar da mai sayarwa na jiransa.

Ku duba ƙasar Aislan da ke arewacin Turai mana. A 1998 kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu a cikin wata guda, zuwa 2016 abin ya dawo kashi 5. Ba wa'azi kawai suka yi ba fa, iyaye suka haɗa kai da makarantu, aka hana 'yan 13 zuwa 16 yawon dare, aka cika musu lokacin bayan makaranta da ƙwallo da kiɗa, kuma duk shekara ana tambayar yaran su da kansu halin da suke ciki.

Ni dai a ganina mai sayar wa yaro shi za a fara damƙewa, sannan uba ya san wa ɗansa ke bi da yamma.

Naku,
Wani mai karatu