A ba mu labarin Leela Roy ta Bengal

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Duk shekara idan ranar 15 ga Agusta ta zagayo, ranar da Indiya ta samu 'yancin kai a 1947, sai a cika shafuka da hotunan Gandhi da Nehru, kamar su biyu kaɗai suka kori Turawan Ingila. Ni kuwa wata mata 'yar Bengal, wani yanki a gabashin Indiya ta wancan lokaci, nake so a tuna, Leela Roy, wadda aka haifa a 1900 ta rasu a 1970.

Da aka buɗe Jami'ar Dhaka a 1921, ba a tanadi ɗaukar mata ba. Ta nace har shugaban jami'ar, Philip Hartog, ya ba ta izini na musamman, ta zama mace ta farko da ta kammala digiri na biyu a can, a 1923. Da ta so, da ta nemi aikin gwamnati ta zauna lafiya. Maimakon haka, a wannan shekarar ta kafa ƙungiyar mata mai suna Deepali Sangha. Suna buɗe makarantun 'yan mata, suna koya musu karatu da sana'ar hannu, har da motsa jiki da kare kai. Daga cikin waɗanda suka bi ta hannun ƙungiyar akwai Pritilata Waddedar, wadda ta jagoranci harin da aka kai kulob ɗin Turawa a Chittagong a 1932. Abin da ya fi burge ni ke nan: a wurin Leela, ajin 'yan mata shi ne farkon fagen yaƙi da mulkin mallaka, kuma Turawa sun gane haka. A 1931, shekarar da ta fara fitar da mujallar Jayasree wadda mata ke rubutawa suke gudanarwa, aka kama ta aka tsare ta kusan shekara shida. A 1942 aka sake jefa ta kurkuku tare da mijinta Anil Roy, ba ta fito ba sai 1946.

Fitowarta ke da wuya aka zaɓe ta a majalisar tsara kundin mulkin Indiya. Da ta ga za a raba ƙasar, a tsaga Bengal gida biyu, sai ta ajiye kujerar. A lokacin rikicin addini da ya ɓarke a gundumar Noakhali ta Bengal a 1946 ta shiga ƙauyuka tana ceto matan da aka raba da gidajensu, daga baya kuma ta buɗe wa 'yan gudun hijira matsuguni a Kalkata.

Mu da muka san wahalar da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a kurkuku, labarin nan ba zai yi mana wuyar fahimta ba. Don Allah a ba ta shafi guda a filin tarihi na jaridar nan kafin Agusta mai zuwa.

Naka,
Mai karatu daga Zariya