A gyara agashe da abin sha a rumfunanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin masu rumfunan agashe a unguwanninmu na Wad Madani a ƙasar Sudan. Tsiren nan namu ne na gado, amma ana ɓata shi da gaggawa. Naman siriri ake yankawa, a shafa mai, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da citta da barkono, a kafa tsinke gefen garwashi. Harshen wuta kan ƙona ƙulin ya yi ɗaci tun naman bai nuna ba.

Abin sha kuwa sai karkade, wato zoɓo, kaɗai, shi ma an tafasa shi har ya yi bauri, alhali jiƙa shi ake yi ya kwana. Ina aradeb na tsamiya, ina gongoles na kuka?

Naku,
Mai karatu daga Wad Madani