Amsa Ga Hajiya Kan Aikin Gidan Yaran Firamare

Hajiya, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in sauke nauyin tambayar da kika yi mini gaban jama'a a taron iyayen yara na lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, a nan Tahoua. Kin tashi cikin mata kika ce: "Mushe, mu da ba mu taɓa shiga aji ba, kuna turo mana ƴaƴa da kaye cike da Faransanci, in ba su yi ba a hukunta su. Me kuke so mu yi?" A ranar magariba ta kawo jiki, amsar da na bayar kuwa ba ta gamsar da ni ba, balle ke. Tun da a bainar jama'a kika tambaya, na ga ya dace amsar ma ta fito fili.

Abin da na tsaya a kai, bayan shekarun da na yi riƙe da alli, shi ne duk aikin gidan da yaron firamare ba zai iya yi shi kaɗai ba, bai kamata a ba shi ba. Aikin gida bita ce ta abin da aka riga aka koya a aji har ya zauna. Idan malami ya tura sabon darasi gida, to ya ɗauki kayansa ne ya ɗora a kan uwar da ba a horar da ita don wannan ba, kuma ba a biyan ta. Ya kuma raba ajinsa gida biyu, domin ɗan ma'aikaci zai samu mai zama da shi, ko a ɗaukar masa malamin bita da ake biya duk wata, shi kuwa yaron da mahaifinsa ya tafi cin rani Abijan ko Libiya, kamar yadda muka saba gani a ƙasar Adar, zai zo da safe da shafi fari.

Ina tuna wata yarinya da na koyar a aji uku, wato CE1. Kullum aikinta ba ya kammala, ni kuma na ɗauka lalaci ne, har ranar da na bi ta unguwarsu bayan isha'i na same ta a ƙofar gida, ƙanenta goye a bayanta, ta ɗora kaye a gwiwa tana rubutu da hasken tocilan ɗin mai shayin da ke kusa. Ta wuni tsakanin aji da ɗibar ruwa, ta je makarantar allo, ta taya uwarta daka, sannan ta zo kan lissafi goma sha biyu da na rubuta a allo cikin minti biyu ba tare da na yi tunanin inda za a yi su ba. Daga wannan dare na rage aikin da nake bayarwa zuwa uku ko huɗu, kuma abin da na gani shi ne yaran sun fi yin su, ni ma na fi samun damar duba su ɗaya bayan ɗaya.

Maganar dubawa tana da muhimmanci, kuma a nan laifin namu ne mu malamai. Ajin da ke da yara saba'in ko fiye, wani ma a rumfar zana, malami ɗaya ba zai iya gyara dogon aikin kowa kullum ba. Aikin da ba a gyara ba kuwa ɓarna yake yi, domin yaron da ya yi kuskure sau goma a gida ya ƙara kafa kuskuren ne a kansa, wanda ya kwafa daga abokinsa a bakin ƙofar lakwal kuma ya koyi cewa cika shafi ake nema. Kada kowa ya ɗauka rage aikin gida ragwanta ce ta ƙasarmu. Faransa kanta, wadda muka gaji tsarin CI zuwa CM2, wato aji ɗaya zuwa aji shida, daga gare ta, ta hana ba yaran firamare rubutaccen aikin gida tun 1956, ta bar karatu da haddar darasi, ko da yake malamanta da yawa ba su daina ba.

Batun harshe da kika taɓo shi ne tushen matsalar. Yaro ɗan shekara bakwai yana shiga CI da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci a bakinsa, a fara koya masa karatu da harshen da bai taɓa ji a gida ba. Binciken PASEC na 2014, mai auna ƙwazon ɗalibai a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa cikin yaran Nijar da ke ƙarshen firamare, waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba. Wanda bai iya karanta tambaya ba, yaya za a ce ya amsa ta shi kaɗai da dare? Ƙasar nan ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973 a Damagaram, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma kafin wannan ya isa cikin kayen ɗiyarki, wajibi ne malami ya bayyana aikin da harshen da yara ke ji kafin su tashi, ya kuma yi misali ɗaya tare da su.

Yanzu ga abin da muke roƙo daga gare ku, kuma babu ɗaya a ciki da ke bukatar Faransanci. Ki ware wa yaro lokaci sananne, ko da minti goma sha biyar ne ga ƙanana, rabin awa ga ƴan CM, wanda a cikinsa ba a aiken sa kasuwa, ba a ce ya ɗauko wannan ko ya kai wancan. Ina jaddada wannan musamman ga ƴaƴa mata, domin su ne aikin tsakar gida ke cinye wa lokacin. Idan babu haske da dare, a mayar da shi bayan la'asar, a lokacin zafin Afrilu da Mayu kuma a nemi inuwa. Sannan ki ce ya buɗe littafi ya karanta miki da ƙarfi, ya faɗa miki da Hausa abin da ya fahimta. Kunnenki zai gane mai karatu da mai kame-kame, kamar yadda kike gane wanda ya riƙe haddarsa ta allo ko da ba ki duba rubutun ba. Lissafi ma yana hannunki: ki ba shi jika ɗaya ya sayo sabulu, ya faɗa miki canjin da ya kamata ya dawo da shi tun kafin ya fita.

Idan yaro ya kasa, kada a sa yayansa ya yi masa, kuma kada a buge shi. A bar shi ya zo da shafin yadda yake, domin wannan shafin ne zai nuna mini inda darasina bai shiga ba. Ina roƙon ƴan'uwana malamai su daina hukunta yaro kan aikin da bai gane ba, sai an fara tambayar sa dalili.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin uwa ɗaya, wanda unguwa za ta iya. A jihar nan ta Tahoua ne aka fara shirin "Makaranta Don Kowa" a 2004 tare da hukumar JICA ta Japan, inda iyaye suka riƙa zaɓen kwamitin kula da lakwal da kansu, daga baya kuma aka ga garuruwa suna shirya wa yara zaman bita bayan an tashi, ƙarƙashin kulawar masu sa kai. Mu ma muna da samari da ƴan mata da suka gama sakandare suna zaune a gida, muna da zaure, fitila mai aiki da hasken rana kuwa ba ta fi ƙarfin kwamiti ba. Ina neman ki kawo wannan shawara gaban ƙungiyar iyaye mata a zamanku na gaba, ni kuma zan zo da jerin yaran da suka fi bukata, aji aji, mu tsayar da ranaku da wurin zama.

Wassalam, naki,
Malamin ƴaƴanku, Tahoua