Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum. A madadin Shugaba da kwamitin zartarwa, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta masu koyo da rubuta manhaja ta gudanar a bana.

Ajin kwamfuta na Asabar da Lahadi bai tsaya ba, sai dai da damina ta kankama ɗalibai sun koma gona, ba su dawo sosai ba sai bayan yankan gero. Batirin sola ya gaji, an sauya shi da kuɗin wata-wata da gudummawar wasu iyayenmu, Allah ya saka musu da alheri. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana wurin Ma'aji.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne manhajar nan da ƙungiyoyin manoma ke rubuta bashin taki da zubin adashe a cikinta. Da yaren PHP aka rubuta ta tun farko, aka sake ta a buɗe a GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhajoji, kowa na iya dubawa ya kawo gyara. Bana ƙannenmu da ke karatu a Kazaure suka nemi a bar su su ƙara wasu sassa da wani yaren daban mai suna Python, don shi suka fi ƙwarewa a kai, kuma ya fi sauƙi wajen fitar da lissafin ƙarshen kaka. Wani ma ya ambaci yaren Rust. Tsofaffin hannu suka ce ba su san zancen ba.

Masu so sun kafa hujja da Linux, wato tsarin nan da ke tafiyar da kwamfuta, wanda shi ma a buɗe yake. Gaskiya ne Linus Torvalds ya fara shi a 1991, yaren C ne ƙashin bayansa, ya kuma daɗe yana ƙin C++, amma a Disamban 2022 aka shigar da Rust a fitowa ta 6.1. Dalili shi ne Rust yana toshe kurakuran sarrafa ƙwaƙwalwar kwamfuta, waɗanda masu kutse ke bi su shiga. Microsoft ta faɗa a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na ramukan tsaron da take toshewa daga irin wannan kuskure suke. Sai dai sun tsallake sauran labarin. Shekara 31 aka yi kafin a buɗe wannan ƙofa, bayan an buɗe ma gardama ba ta kwanta ba, har ɗaya daga cikin jagororin aikin Rust ɗin ya ajiye muƙaminsa a Agustan 2024. Kuma can manyan kamfanoni irin su Google ne ke biyan da yawa daga masu aikin albashi. Mu nan wa ke biyan wani?

Damuwar kwamiti ke nan. Yaro ya rubuta sashe da Python yau, gobe ya tafi bautar ƙasa ko ya samu aiki a Kano, abu ya lalace ana tsakiyar rabon taki, wa zai taɓa shi? Amma ni a ganina rufe ƙofa gaba ɗaya ma hasara ce, domin yaran za su kama gabansu, mu kuwa yawancinmu iyali da kasuwa sun fara janye mu.

Matsayar da aka cimma ita ce gangar jikin manhajar ta zauna a PHP. An yarda da Python a sashen fitar da rahoto kawai, a ajiye shi daban yadda za a iya cire shi ba tare da an rusa sauran ba. Sharaɗi, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: sai an samu mambobi biyu mazauna gari da suka iya shi, kuma a rubuta bayanin aikinsa da Hausa. Rust kuwa an jingine shi, domin PHP da kansa yake kula da ƙwaƙwalwar, matsalar da ta sa Linux karɓar sa ba tamu ba ce.

Za a sake duba matsayar a babban taro bayan kaka mai zuwa. Ajin Python zai fara da rani, har da tsofaffin hannu. Masu bashin kuɗin wata su ga Ma'aji kafin a tashi.

Sakataren Ƙungiya