Wanda Kemis Ya Cutar, Ina Zai Kai Kukansa?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku in taɓo wata matsala da ta zama ruwan dare a unguwanninmu, amma da wuya ka ji an kai ta gaban hukuma: kuskuren masu sayar da magani, da yadda wanda abin ya shafa zai nemi haƙƙinsa.

A daminar bara goggona, mai fama da hawan jini, ta aiki jikanta kemis da takardar asibiti. Yaron shago ya ƙura wa rubutun likita ido, ya ɗauko maganin ciwon suga, ya ɓalle ƙwayoyin a farar leda, ya ja layi biyu da biro, shi ke nan. Tana cikin sha aka wayi gari aka tarar da ita a sume, gumi ya jiƙe mata zani. A asibiti suka ce sugan jininta ne ya faɗi warwas. Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau harshenta bai saki daidai ba, kuma jinya ta cinye awakin da take kiwo.

Mai shagon ya turo dattawa da ban haƙuri, dangi kuma suka ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Mun yi imani da ƙaddara, babu ja. Sai dai malamin da na tuntuɓa ya karanto min hadisin da ke cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, to shi ne zai lamunci ɓarnar. Addinin da ya koya mana haƙuri shi ne ya shar'anta diyya.

Da na je wurin lauya, bai fara tambayar lafiyar goggo ba. Cewa ya yi: ina takardar likita, ina ragowar maganin, ina rasit? Rasit kam, wane kemis ne ke bayarwa a unguwa? Sa'armu ɗaya, ledar na nan a ƙarƙashin matashi, kuma asibiti sun rubuta abin da suka gani a jininta. Ya bayyana min cewa kotu ba ta hukunci da kuka. Sai ka nuna an yi sakaci, sannan ka nuna sakacin ne ya jawo cutar, kuma wannan sai da rahoton likita. A nan mutane da yawa ke karyewa, domin da zarar rai ya ɓaci, abu na farko da ake yi shi ne watsar da maganin a bola. Ya kuma ja kunnena kan lokaci: shigar da ƙara na da wa'adi, kuma idan ma'aikacin gwamnati ne ya yi kuskuren a bakin aiki, doka na iya taƙaita wa'adin zuwa wata uku kacal.

Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa suna nan, sanin su ne babu. Hukumar PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022, ita ke ba da lasisin masu harhaɗa magunguna da kuma ƙananan kemis, kuma tana da ikon rufe shago. Lasisin ƙaramin kemis ma bai ba shi damar sayar da irin maganin da sai likita ya rubuta ba, abin da ya kamata kowa ya sani. Idan maganin jabu ne ko gurɓatacce, aikin NAFDAC ne. Amma biyan diyya sai kotu, kuma marar hali yana iya zuwa ofishin hukumar tallafa wa marasa galihu kan shari'a, wadda aka kafa tun 1976, ya gabatar da kansa.

Masu cewa talaka ba ya cin shari'ar magani su tuna da My Pikin, maganin haƙoran yara da ya kashe yara 84 daga ƙarshen 2008. A 2013 kotu a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin. Su tuna gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano lokacin sanƙarau na 1996, wanda sai a 2009 aka sasanta kan dala miliyan 75. Shekara 13 ke nan, ba wasa ba, amma da an ce a bar wa Allah kawai, ko sisi ba za a gani ba.

Mu dai lauyanmu ya rubuta wa mai shagon, mun kuma kai ƙorafi a rubuce. Roƙona ga PCN shi ne ta tilasta wa kowane kemis rubuta sunan magani da adadinsa a jikin leda, tare da ba da rasit. Ku kuma, Edita, ku ware wa wani lauya shafi ko sau ɗaya a wata ya riƙa amsa irin waɗannan tambayoyi da Hausa.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Gusau