Sanarwa: Makon Addu'a da Zabura

Salama gare ku, ƴan'uwa cikin Almasihu.

Da yawanmu sun koka cewa addu'a ta zama hadda, baki na motsi, zuciya na wani wuri. Saboda haka daga Litinin zuwa Asabar, ƙarfe 5:30 na asuba, kowa ya keɓe minti 15 a gidansa. Za mu fara da Zabura 63, Talata 42, sauran za a turo nan.

A karanta a fili sau 2, a hankali. Ayar da ta taɓa zuciya, a maida ita addu'a, sai shiru na minti 3. A sauka daga gado, domin a kwance barci ke sace mutum. Wanda rana ta wuce shi kada ya karaya, ya ci gaba washegari.

Lahadi bayan sujada mu haɗu. Ubangiji ya ƙarfafa mu.